Mai Murfin Na Ɗauka

Shagon Hammajoda na bayan kasuwar Garwa,
layin da masu gyaran waya suka jera tebura.
Na shiga da jaka tamanin a ƙasan jaka,
akwatin ƙarfen Baba a hammata.
Na ce sikana nake nema.

Ya sauko da biyu daga kanta,
ya goge su da hannun riga.

"Wannan kura ce," in ji shi.
"Ɗora mata talatin a baki,
kafin shayinki ya huce ta lanƙwame,
ta karance gaba da baya, ta amayo su a jere.
Ita 'yan banki ke saye."
Ya miƙa mata rasit ɗin shago,
ta fizge kamar an yi mata rowa.

Ɗayar a kwance take, gilashi da murfi.
"Ita kuwa sai mai haƙuri.
Ki ɗaga, ki shimfiɗa, ki rufe, ki jira.
Ɗaya bayan ɗaya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa."

Sai na buɗe akwatin.

Warin kafur ya fito, da na Binuwai,
tun shekarar da ta shigo mana ɗaki har gwiwa.
Ga takardar gida da Faransanci,
hatimin shuɗi ya koma ruwan toka.
Ga rasit ɗin jangali ashirin da uku
da Baba ya ɗinke da baƙin zare.
Ga wasiƙar Kaka da ajami daga Abeshe,
zango na ƙarshe da aka ji ɗuriyarsa a hanyar Makka,
gara ta ci rabin gaisuwar.
In na ba kura wannan,
me za ta amayo mini? Gari?

Na zauna a benci na jero tambayoyi.
In an ɗauke wuta, tana iya sha daga kwamfuta?
Tsohuwar kwamfutata za ta san da zamanta?
In ta yi gardama, akwai mai taɓa ta a garin nan,
ko sai an kai ta Duwala an manta da ita?
Idonta na ganin wasali?

Ya ce ɗari shida, ya ce dubu da ɗari biyu.
Na ce Hamma, ban san waɗannan ba.
Gani ya kori ji.

Na zaro takardar gadon gona,
wadda Inna ta dangwala wa yatsa
don ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.
Na kwantar da ita a gilashi
yadda ake kwantar da mai jinya.
Haske ya taso daga can gefe,
yana tafiyar hawainiya, yana 'yar ƙara.

Hoton ya hau allo. Ya ƙara masa girma.
Ya sake ƙarawa.

Tsakiyar zanen yatsan, ga wani farin layi a karkace.
Na san shi.
Wuƙar yankan kuɓewa ce, ina 'yar shekara tara,
ni na yago ƙyallen da aka ɗaure.
Shekara goma sha ɗaya da rufe ta,
ga tabonta a shagon Hammajoda.

Ya ga na yi shiru, ya shiga gyaran wayoyi.

Da na samu murya muka yi ciniki.
Ya ce saba'in, na ce hamsin da biyar,
ya ce albarka, na tashi, ya ce dawo.
Sittin, da igiya, da alkawarin wata shida.

Yana ɗaure kwalin yana girgiza kai:
"Hajiya Tasalla, wannan akwatin
sai ki yi wata guda ba ki ga ƙasansa ba."

Na ce to.
Baba shekara arba'in ya yi yana cika shi.

Na hau babur, kwali a cinya, akwati a tsakani,
na ce wa yaron ya bi ramukan a hankali.